An gina rudun albasa, an manta da rumbun sani

Duk wanda ya bi babbar hanyar kwalta da ta taso daga Birnin Ƙonni, ta ratsa Galmi, ta nufi Madawa, a cikin watan Maris ko Afrilu, hancinsa zai ba shi labari tun kafin idonsa ya gani. Buhunan albasa jere a bakin hanya, manyan motoci na jiran lodi, ƴan dako na kai da kawowa, dillalai na raɗa a kunnen baƙi. Daga fadamar Tarka, daga Maggiya, daga kwarin Keita da Tamaske, dukiya ce take fitowa daga ƙasa tana neman hanyar Akara, Kumasi, Abijan, Kwatano da Lome. Ƙididdigar hukuma ta shekarun baya-bayan nan ta nuna albasar da Nijar ke nomawa a shekara ta haura tan miliyan 1, kuma jahar Tawa ce ke kan gaba.

To amma a tsai da mai lodi ɗaya a yi masa tambayoyi uku. Buhu nawa ne suka fita daga wannan tasha bara? Nauyin buhun nan da ake ciniki a kansa kilo nawa ne? Nawa ake sayar da shi yau a kasuwar Akara? Tambaya ta farko za a tura mai tambaya wurin wani. Ta biyu za a yi dariya. Ta uku kuwa akwai wanda ya san amsarta sarai, sai dai ba manomin da ya kwana ban ruwa ba ne. A nan matsalar kasuwancin gundumomin Madawa, Buza da Keita take. Akwai kaya, akwai mutane masu ƙwazo, akwai sani mai yawa, amma sanin ba shi da ɗakin kwana. Yana cikin kan mutum ɗaya, in ya tafi ya tafi da shi.

Abin da manyan kamfanoni suka gano

Wannan ciwo ya kama waɗanda suka fi Adarawa kuɗi da injuna. A shekarar 1967 wani masanin zaman jama'a ɗan Amurka, Harold Wilensky, ya wallafa littafi a kan abin da za a iya kira hankalin ma'aikata, wato yadda kamfani ko hukuma ke tattara labari, ta tace shi, ta kai shi ga mai yanke shawara a kan lokaci. Ya nuna cewa abu uku ne ke toshe labari a cikin ma'aikata: yawan matakan shugabanci, inda na ƙasa ke ɓoye wa na sama abin da ba ya son ji, rarrabuwar sassa, inda kowane ofis ke riƙe nasa sani kamar gadon ubansa, da kuma tattara iko wuri ɗaya, inda mai yanke hukunci ke nesa da wurin da abin ke faruwa. Ma'aikacin gwamnatin da ya taɓa aika rahoto daga Buza zuwa Tawa, daga Tawa zuwa Yamai, ya zauna jiran amsa har damina ta wuce, ba ya buƙatar a fassara masa wannan magana.

Bayan shekara ashirin, a 1987, wani ma'aikacin kamfanin IBM mai suna John Zachman ya kawo shawarar da ta zama tushen wani fanni na ilimin tafiyar da kamfani. Ya lura cewa ba mai gina bene ko ƙera jirgin sama ba tare da zane ba, amma ana kafa ma'aikata mai ɗaruruwan mutane ana saya mata kwamfutoci, alhali babu wanda ya taɓa zana yadda sassanta ke haɗuwa. Daga baya tsarin nasa ya tsaya a kan tambayoyi shida: mene ne kayan aikin da labarin da ake riƙewa, yaya ake aikin, a ina, wane ne ke yi, yaushe, kuma don me. Amsar waɗannan tambayoyi, in an rubuta ta wuri ɗaya kowa na gani, ita ce taswirar ginin ma'aikata. Ba kwamfuta ake fara saye ba. Taswirar ake fara zanawa, sannan a san na'urar da ta dace, in ma ana buƙatarta.

Mai karatu na iya cewa wannan zancen masu bene ne, me ya haɗa shi da mai garka a Sabon Gida ko Karofan? Abin da ya haɗa su shi ne, kasuwancin albasa kamfani ne babba, ko da yake ba shi da darakta. Yana da masu samar da iri, masu haƙa rijiya, masu sayar da injin ban ruwa da mai, masu ba da bashi, manoma, masu ajiya, dillalai, ƴan dako, direbobi, ma'aikatan duwan, da masu masauki a ƙasashen gaɓar teku. Duk sassan kamfani sun cika. Zanen da zai haɗa su ne babu.

Arzikin mutane da iyakarsa

Adalci ne a faɗa cewa Bahaushe bai jira Zachman ba kafin ya tsara fatauci. Tun zamanin ayarin goro zuwa Gwanja akwai madugu, akwai jagaba, akwai uban dawaki, kowa da aikinsa. Abner Cohen, a binciken da ya buga a 1969 kan Hausawan unguwar Sabo ta Ibadan, ya nuna yadda mai gida ke saukar da baƙo, ya ajiye masa kuɗi, ya tsaya masa a kan bashi, ya san wanda za a amince wa da wanda za a guda. Emmanuel Grégoire, a littafinsa na 1986 kan alhazan Maraɗi, ya bayyana cewa ƙarfin ɗan kasuwa yana cikin arzikin mutane, wato yawan barori da yaran gida da ya baza a kasuwanni suna yi masa ido da kunne. Wannan tsari ne na gaske, shi ya kai albasar Galmi bakin teku tun ba a san wayar hannu ba, kuma shi ke riƙe da ita har gobe.

Sai dai tsarin yana da tsaga ɗaya, kuma kowa a Madawa ya san gidan da ta rushe. Dukan littafin kasuwancin yana cikin kan alhaji: wanda ake bi, wanda ke bi, direban da ba ya ha'inci, watan da ya kamata a buɗe rudu. Ranar da ya kwanta dama, sai a raba motoci da gonaki bisa gado, yaran gida su watse, masu bashi su yi shiru, abokan hulɗa na Kumasi su nemi wani. Ƴaƴa sun gaji dukiya, ba su gaji sani ba, sai jama'a su ce albasa ba ta yi halin ruwa ba. Alhali laifin ba na ƴaƴan kaɗai ba ne, uban bai bar musu abin karantawa ba. A Kano, Alhasan Ɗantata ya rasu a 1955, amma da yake ya mai da harkarsa kamfani mai rajista da magatakarda tun yana raye, gidan ya ci gaba da ciniki bayansa, har zuriyarsa ta fitar da Aliko Ɗangote. Gidajen kasuwanci nawa ne a Adar da Gobir Tudu suka kai jika suna tsaye?

Darasin Keita da Maggiya

Ɓangaren hukuma ma bai tsira ba. A 1984, cikin tsananin fari, aka buɗe babban aikin raya karkara na Keita da kuɗin ƙasar Italiya, hukumar FAO na gudanarwa, hukumar abinci ta duniya PAM na biyan ma'aikata da abinci. Mata ne suka ɗauki mafi yawan duwatsun, domin maza sun tafi cin rani. A cikin kimanin shekara ashirin an farfaɗo da fiye da hekta 30,000 na ƙasar da ta mutu, an dasa itatuwa wajen miliyan 18, an yi madatsun ruwa, rijiyoyi da hanyoyin karkara, kuma daga farkon shekarun 1990 aikin ya faɗaɗa zuwa Buza da Abalak. Wanda ya san Keita kafin wannan aiki ba zai raina shi ba. Ruwan da madatsun suka tsare yana cikin abin da ya ba garake rai.

Aikin ya auna ruwan sama, ya zana taswirar kowane kwari, ya rubuta ranar da aka gina kowace madatsa da irin gyaran da take so. Masana na Italiya sun yi nazari a kansa, sun buga da harsunan Turai. Tambayar da ta dace a yi wa kowace ma'aikatar magajin gari a Keita, Ibohaman, Garhanga da Tamaske ita ce: a wane ɗaki aka ajiye kwafin waɗannan takardu, wa ke riƙe da mabuɗinsa, kuma yaushe aka buɗe shi na ƙarshe? Madatsar da rairayi ya cike ba ta gyaruwa da tunawa da alherin Italiya. Tana gyaruwa ne in akwai wanda aikinsa ne ya duba ta kowace shekara, da littafin da zai rubuta abin da ya gani, da asusun da za a taɓa.

A kwarin Maggiya na gundumar Buza, tun 1975 ƙungiyar CARE da ma'aikatan gandun daji suka fara dasa layukan dogon yaro don kare gonaki daga iska. Itatuwan sun kama, sun girma, amfanin gona ya ƙaru a bayansu. Sai da lokacin sara ya zo aka fuskanci tambayar da ya kamata a amsa tun ranar dashe: icen na wane ne? Na mai gona, na gari, ko na hukumar daji? Wa zai sara, wa zai sayar, ina kuɗin za su? Tambayoyin Zachman ke nan, wane ne da don me, sun fito a gindin bishiya.

Tarihin ma'aikatun ƙasa cike yake da irin wannan. Hukumar UNCC da aka kafa a 1962 don bashi da ƙungiyoyin manoma an rushe ta a tsakiyar shekarun 1980. Asusun bashin noma na CNCA ya durƙushe. Bankin BDRN ya rufe a 1990 da tarin bashin da ba a iya karɓowa ba. Kowace ta tafi da abin da ta koya game da wanda ke biya da wanda ba ya biya, sai wadda ta gaje ta ta soma daga sifiri. An zaɓi majalisun gari na farko a 2004, an rushe majalisun a Afrilun 2024 aka naɗa kantomomi. Shugabanni za su riƙa canzawa ko wane irin mulki ake yi. Abin da bai kamata ya bi su ba shi ne littafin ma'aikata.

Kuɗin da jahilcin tsari ke ci

Kada a ɗauka wannan zance na ado ne. Rashin tsari yana da farashi, kuma manomi ne ke biya. A duba buhu. Ana ciniki da sunan buhu, amma mai saye ne ke kawo buhunsa, a cusa, a ɗora masa hula a ɗinke, har nauyinsa ya wuce kilo 100 nesa ba kusa ba, kuɗin kuwa na buhu ɗaya ne. Inda babu ma'auni ɗaya, babu farashin da za a kwatanta, babu ƙididdigar da za a amince da ita, babu bankin da zai karɓi ajiya a matsayin jingina.

A duba lokaci. Kowa na kwashe albasa a watanni biyu ko uku, kasuwa ta cika, farashi ya faɗi. Wanda ya iya riƙe tasa zuwa bayan damina yakan sayar da ninki biyu ko uku. Amma manomi ya ci bashin iri, taki da man inji, mai bashi na bakin garka, dole ya sayar a ranar da ta fi kowace arha. Wanda ya zuba a rudu kuma, zafi da laima na cin rabonsu, ba wanda ke auna abin da ya shiga da abin da ya fito don a san wane irin rudu ne ya fi, wane iri ne ya fi jure ajiya, wane taki ne ke sa ruɓa.

A duba hanya. A 2021 hukumomin Gana suka tashi kasuwar albasa ta Agbogbloshie a Akara suka mai da ita Adjen Kotoku, bayan gari. A ƙarshen Yulin 2023, bayan juyin mulkin ranar 26, ƙungiyar CEDEAO ta rufe iyakoki, kaya suka tsaya a hanya, kuma albasa ba siminti ba ce da za ta jira. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, Nijar kuma ta kammala ficewa daga ƙungiyar a Janairun 2025. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan al'amura ya canza lissafin ɗan kasuwar Madawa. Wanda ke da ɗan'uwa a zango ya ji da wuri ya kauce, saura suka ji a jikinsu. Ma'aikata mai hankali ita ce wadda in kunne ɗaya ya ji, dukan jiki ya tsira.

Akwai ma lokacin da sunan kansa ya kusa suɓucewa. A shekarun 2000 wani kamfanin iri na ƙasar Senegal ya nemi hukumar OAPI ta ba shi haƙƙin mallakar irin da ake kira Violet de Galmi. Sai da ƙungiyar ANFO ta masu harkar albasa da hukumomin Nijar suka tashi tsaye kafin a hana. Abin da ya ceci sunan shi ne ƙungiya mai baki ɗaya da takardun da ke shaida asalin irin. Da gardamar ta tsaya a kan abin da tsofaffi ke tunawa kawai, da wani zance ake yanzu.

Abin da za a iya yi ba tare da jiran baƙo ba

Kayan ginin suna nan a warwatse. Akwai hukumar SIMA mai bin farashin kasuwannin amfanin gona. Akwai RECA da majalisun manoma na jahohi. Akwai ANFO da rassanta. Akwai dokar OHADA ta 15 ga Disamban 2010 da ta tsara yadda ƙungiyar haɗin gwiwa za ta yi rajista, ta riƙe littafin mambobi, ta yi taron shekara. Akwai rediyoyin karkara, akwai wayar hannu da WhatsApp a aljihun kusan kowane dillali. Haɗa su ne ya rage, kuma matakan farko ba su fi ƙarfin gunduma ba.

Na farko, a zauna sau ɗaya, manoma, dillalai, masu motoci, malaman gona, duwan da ma'aikatar magajin gari, a zana a kan allo tafiyar buhu ɗaya daga garka zuwa iyaka: hannu nawa yake bi, takarda nawa, kuɗi nawa ake cirewa a kowane mataki, wa ke karɓa. Ranar da aka yi wannan zane, za a ga wuraren da mutum biyu ke aiki ɗaya da wuraren da babu kowa.

Na biyu, ma'auni ɗaya. Sikeli a kowace tashar lodi, ciniki da kilo, a gundumomin uku a rana ɗaya, domin in Madawa ta tsaya Buza ta saki, masu saye za su koma inda hula ta fi tsawo.

Na uku, littafi ɗaya a kowace tasha: rana, yawan kaya, garin da ya fito, inda za shi, farashi. A karanta jimillarsa a rediyo da Hausa da Tamajak kowane mako, tare da farashin Akara da Abijan. Littafin makaranta da alƙalami sun isa a fara. Kwamfuta ta zo daga baya, ta tarar da abin da za ta ci.

Na huɗu, kada a rufe wani aikin raya ƙasa, ko na wace ƙasa ne, sai an damƙa kwafin taswirorinsa da rahotanninsa ga gari da gunduma, an sa hannu. Kada kuma ma'aikaci ya bar kujerarsa da miƙa mabuɗi da hatimi kawai, sai ya miƙa rubutaccen bayanin abin da ya tarar, abin da ya gwada, da abin da ya faskara.

Na biyar ya rataya a wuyan alhazai. A ɗauki magatakarda, a raba aljihun gida da na kasuwa, a rubuta bashi da shaidu kamar yadda addini ma ya yi umarni, a zaunar da magaji a kusa tun ana da lafiya.

Masu ja da baya suna da hujja

Ɗan kasuwa zai ce duk abin da aka rubuta, mai karɓar haraji ne zai fara karantawa. Tsoronsa ba na banza ba ne, ya sha ganin ƙidaya ta rikiɗe ta zama lampo. Saboda haka littafin tasha ya zama na ƙungiyar masu sana'a, jimilla kawai za ta fita, ban da sunan kowa, kuma hukuma ta nuna a fili abin da ta yi da harajin da take karɓa a kan kowane buhu: rumfa, sikeli, gyaran hanya. Wanda ya ga amfanin rubutu ba sai an tilasta masa ba.

Dillali zai ce sirri shi ne jarinsa. Gaskiya ne wanda ribarsa ta dogara ga duhun kan manomi zai yi asara. Amma dillalin da ke tsaya wa baƙo, ya tantance kaya, ya lamunci bashi, aikinsa na nan daram, har ma zai ƙara daraja in ciniki ya zama a sarari.

Ma'aikacin gwamnati zai ce babu kuɗin aiki, babu mai a babur. Wannan ma gaskiya ne. Sai dai rahoton da ake rubutawa don a tura Yamai a ajiye, da wanda za a karanta wa masu garka ranar kasuwa, tawada ɗaya suke ci.

Ɗan kasuwa na riƙe da rabin sanin, ma'aikaci na riƙe da rabi, kowa na zargin ɗan'uwansa, baƙo kuma na saye da farashin da ya ga dama. Matan Keita sun ɗauki duwatsu a ka suka tsare ruwan da ke gudu ya bar ƙasarsu. Sanin da ke gudu daga tashoshin Madawa, Buza da Keita kowace kaka bai kai dutse nauyi ba, littafi da sikeli da amana yake nema. In albasar bana ta fita ba a rubuta ta ba, manomi zai shiga ciniki baɗi da duhun da ya shiga da shi bana.